Ruwan famfo, ruwan kwata da ambaliya: wace inshora ce za ta biya mai gida a Amurka?

Daren 1 ga Satumba, 2021, ragowar guguwar Ida ta sauke wa New York da New Jersey ruwan da ba mu taɓa ganin irinsa ba. A Central Park an auna inci 3.15 cikin awa ɗaya tak. Mutum 13 suka rasu a birnin New York, 11 daga cikinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, waɗanda muke kira besmen. Da gari ya waye na leƙa gidan wani dattijo maƙwabcinmu, Alhaji ne mutumin Damagaram, shekararsa shida da sayen gidan. Ruwan ya janye, amma ya bar zanen laka a jikin bangon besmen daidai ƙugun mutum. Akwatuna biyar na kayan auren 'yarsa suna can ƙasa. Hajiya tana fito da su ɗaya bayan ɗaya tana shanyawa a kan shinge, rinin shadda ya zube a kan farin leshi, ga warin kwata da sabulu ba ya fitarwa. Alhaji ya dube ni ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, muna da inshora. Ban taɓa fashin biya ba." Na ce, "Allah ya mayar da alheri, ranka ya daɗe," ni ma a lokacin na ɗauka magana ta ƙare. Bayan 'yan makonni wasiƙa ta iso: kamfanin ba zai biya ko sisi ba.

Abin ya tsaya mini a rai har na zauna na karanta takardar inshorar gidana shafi-shafi, na kuma dinga tambayar duk wanda ya san harkar. Abin da na gano shi ne, mu idan muka ga ruwa a ɗaki ɓarnar muke dubawa, su kuwa masu inshora tambayarsu ɗaya ce: ta wace hanya ya shigo? Ruwan da ya ɓalle daga cikin gida yarjejeniyarsa daban, wanda ya taso ta magudana tasa daban, wanda ya malalo ta ƙasa daga waje shi ma tasa daban. Mai gida da yake son ya zaɓa da ido buɗe sai ya san ukun nan, ya san kuma inda kowace take tsayawa.

Inshorar gida da kusan kowa yake da ita, wadda banki ya tilasta maka kafin ya ba ka bashin sayen gida, yawanci irin da ake kira HO-3 ce. Tana biyan ɓarnar ruwa idan abin ya auku farat ɗaya kuma ba da gangan ba. Bututu ya fashe a cikin bango, tankin ruwan zafi ya tsage, tiyon injin wanki ya ɓalle kana wurin aiki, duk waɗannan tana ɗauka. Za ta gyara daɓe da silin da kayan ɗaki, ta biya kuɗin fasa bango a kai ga wurin da ya lalace, sai dai shi bututun ko tankin da ya tsufa kai za ka saye shi. Haka idan iska ta yaye rufin gida ruwan sama ya zubo ta wurin. Tana da wani alheri da za mu sake waiwaya: idan gidan bai zaunu ba, tana biyan ƙarin kuɗin otal ko haya har a gama gyara.

Inda take juya baya shi ne yoyo na hankali. Famfon ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana ɗiga wata shida har katako ya ruɓe, za su ce rashin kula ne. Danshin da ke tsattsafowa ta tsagar harsashin gini shi ma ba nasu ba ne. Akwai kuma sharaɗin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rufe gida a Disamba mu tafi Kano ko Maraɗi ko Kumasi mu yi wata biyu. Idan bututu ya daskare ya fashe, ana biya ne in ka bar injin ɗumama gida a kunne, ko kuma ka rufe ruwan gaba ɗaya ka tsiyaye bututun. Wanda ya kashe hita don ya rage kuɗin gas ya kama hanya, yana iya dawowa ya tarar da silin a ƙasa, kamfani kuma ya nuna masa layin da ya sa wa hannu. Sanyin da ya faɗa wa Texas a Fabrairun 2021 ya fasa bututu a gidaje masu ɗimbin yawa, kuma wannan inshorar ce ta ɗauki irin waccan ɓarnar, domin ruwan daga cikin gida ya fito.

Na biyu shi ne ruwan da ya fi kowane ƙazanta, wanda ke dawowa da baya ta ramin daɓen besmen, ko ta masai, ko ya cika rijiyar injin zuƙe ruwa ya tumbatsa saboda an ɗauke wuta. Inshorar gida ta cire shi ƙarara. Ana sayensa ne a matsayin ƙari a kan inshorar da kake da ita, ejan-ejan suna ce masa wota bakof. A ganina, cikin duk abin da zan ambata a nan, babu wanda arahar kuɗinsa ta kai ta wannan idan aka gwada da amfaninsa, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Ana sayar da shi da iyaka, galibi dala 5,000 ko 10,000 ko 25,000. Wanda ya gyara besmen ɗinsa ya sa kafet da kujeru da ɗakin baƙi, dala 5,000 ba za ta wuce kuɗin kwashe ƙazanta da busarwa ba, gara ya ɗauki babbar. Tsofaffin garuruwa irin New York da Newark, inda a unguwanni da yawa ruwan sama da na bayan gida bututu ɗaya suke bi, nan ne matsalar ta fi yawa. Amma a lura da kyau: mafi yawan irin wannan ƙari ba ya aiki idan ambaliya ce a unguwa ta turo ruwan. Gidan Alhaji ruwa ya shiga ta ramin daɓe ya kuma shiga ta tagar besmen daga titi, don haka ko da yana da ƙarin, da wuya ya tsira da shi kaɗai.

Wannan ya kawo mu kan ambaliya, inda zaɓin yake da nauyi. Babu inshorar gida ta yau da kullum da ke biyan ruwan da ya bi ƙasa ya shigo, ko kogi ne ya cika, ko teku ya hauro, ko ruwan sama ne ya rasa hanya ya taru a titi. Kamfanoni sun guje wa wannan haɗari tun da daɗewa, shi ya sa majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin inshorar ambaliya na ƙasa, NFIP, a 1968, wanda FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, take gudanarwa. A ma'anarsu, ambaliya ita ce ruwa ya mamaye busasshiyar ƙasa da ta kai eka biyu, ko ya shafi filaye biyu ko fiye, ɗaya naka. A yau ƙofa biyu ce a gabanka: ta gwamnati, ko ta kamfani mai zaman kansa.

Ta gwamnati tana da iyaka da ba ta motsi: dala 250,000 a kan gini, dala 100,000 a kan kayan ciki. Kowanne daban ake sayensa, kowanne kuma da kason da za ka fara ɗauka daga aljihunka kafin su biya saura. Mutane da yawa banki ya sa su sayi ta gini kawai, suna zaton har da kaya. Ginin ana biyansa da kuɗin sake gina shi sabo idan nan ne mazauninka na asali kuma ka yi masa inshorar aƙalla kashi 80 cikin ɗari na kuɗin ginawa, ko ka kai iyakar. Kaya kuwa da darajarsu ta ranar ake biya, wato kujerar da ka saya shekara takwas da suka wuce kuɗin tsohuwar kujera za a ba ka. Sarƙoƙi da awarwaro da sauran kayan ƙawa masu tsada, duka-duka dala 2,500 ce iyakarsu, tsabar kuɗi da muhimman takardu kuwa babu su a ciki sam. Iyayenmu mata masu ajiyar zinare su ji wannan. Mota ma ba ta ciki, ita tana ƙarƙashin cikakkiyar inshorar mota ne. Kuma ba ta biyan kuɗin otal ko haya ko na kwana ɗaya, alhali gidan da ambaliya ta ci yakan ɗauki watanni kafin a koma.

Maganar besmen ita ce ta fi ci mini rai, domin mu a nan muke zuba rayuwarmu. Nan ake ajiye akwatunan lefe, buhunan shinkafa da gero, nan ake shimfiɗa dardumar karatun yara, nan ƙanin da ya zo daga gida yake kwana kafin ya samu aiki. A wurin NFIP, duk ɗakin da daɓensa yake ƙasa da doron ƙasa ta kowane gefe besmen ne, komai kyan gyaransa. A can suna biyan abin da ke riƙe da gidan: injin ɗumama gida, tankin ruwan zafi, akwatin wutar lantarki, injin zuƙe ruwa, matakala, harsashi, da allon bango ba tare da fenti ko ado ba. In ka sayi ta kaya, za su ƙara da injin wanki, na busarwa, firiza da abincin da ke ciki. Kafet, gado, kujeru, talabijin, tufafi, babu ko ɗaya. Ke nan ko da Alhaji yana da ta gwamnati, da an saya masa sabon injin ɗumama gida, wanda shi kaɗai dubban daloli ne, amma shadda da leshin Hajiya sun tafi. Mai haya a besmen ya san cewa wannan inshorar kusan ba ta da abin da za ta yi masa.

Duk da haka tana da ƙarfin da ba a raina shi. Muddin garinku yana cikin shirin, kuma fiye da garuruwa 22,000 suna ciki, ba za a ƙi sayar maka ba, ba kuma za a kore ka don ka nemi diyya bara. Farashinta ɗaya ne ko ta hannun wane ejan ka saya, saboda haka yawon neman rangwame a kanta ɓata lokaci ne. Tun Oktoban 2021 aka sauya yadda ake lissafin kuɗin, yanzu ana duban gidanka shi kansa: nisansa da ruwa, tsayin daɓensa, kuɗin sake gina shi. Wasu nasu ya ragu, da yawa ya ƙaru, amma doka ta hana a ƙara wa mazaunin gida fiye da kashi 18 cikin ɗari a shekara. Tana ba da har dala 30,000 don ɗaga gida ko daidaita shi da dokar gini idan hukuma ta ce ɓarnar ta yi tsanani, da har dala 1,000 ta buhunan yashi da makamantansu idan ruwa na tafe. Kuma idan ambaliya ce ta sa kwata ta dawo, tana biya. Mai sayen gida yana iya gādar inshorar mai sayarwa da farashinta, wannan tambaya ce da ya kamata a yi tun ana ciniki.

Aibinta biyu. Ɗaya, sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, in ba a lokacin karɓar bashin gida aka saye ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya jira sai an sanar da guguwa a talabijin ya makara. Na biyu, rayuwarta a hannun majalisa take. Tun 2017 ake ta sabunta shirin na ɗan gajeren lokaci, wani sa'in wa'adin ya ƙare ba a sabunta ba. Idan haka ta faru masu inshora a hannu suna nan daram, amma ba a sayar da sabuwa, har cinikin gida yakan tsaya.

Ta kamfani mai zaman kansa ta bunƙasa ne a 'yan shekarun nan, musamman tun Yulin 2019 da aka wajabta wa bankuna karɓarta idan ta cika sharuɗɗa. Inda ta gwamnati ta gaza, nan take tallata kanta. Iyakarta takan haura dala 250,000 nesa, abin da ke da muhimmanci a wuraren da sake gina gida ya fi haka tsada. Da yawa suna biyan kuɗin haya na wucin gadi, wasu suna biyan kaya da kuɗin sabo, wasu suna ɗaukar wani abu na kayan besmen, jiran nasu kuma yakan tsaya a mako biyu ko ƙasa da haka. Ga gidan da haɗarinsa kaɗan ne, sau da yawa ta fi araha. Sai dai kowane kamfani da takardarsa, babu guda biyu da suke daidai, don haka duk alkawarin da ejan ya yi da baki a ce ya nuna shi a rubuce. Kamfani yana da ikon ya ƙi sabunta maka, ko ya ninka kuɗi bayan shekarar da ruwa ya yi ɓarna, lokacin da ka fi bukatarsa. Wasu kuma ana sayar da su ne ta kamfanonin da asusun kariya na jiha bai rufe su ba, in sun karye babu mai biyanka. Ga wani tarko da ba a cika faɗa ba: wanda yake biyan tsohon farashi mai sauƙi a NFIP, ana ƙara masa sannu a hankali, idan ya fita ya je kamfani sannan ya dawo, yana iya tarar da cikakken farashi yana jiransa.

Akwai masu haɗa biyun, su sayi ta gwamnati har iyakarta, su ɗora ta kamfani a kai don abin da ya haura. Ga mai babban gida kusa da ruwa, wannan ce hanyar da na fi natsuwa da ita.

Na sha jin 'yan'uwa suna cewa, "Ai banki bai ce in saya ba, gidana ba ya yankin ambaliya." Abin da banki ya duba taswirar FEMA ce. Yankunan da ke da harafin A ko V su ne masu babban haɗari, inda yiwuwar ambaliya ta kai kashi 1 cikin ɗari a kowace shekara, wato kusan kashi 26 cikin ɗari a tsawon bashin shekara 30. A nan doka ta tilasta inshorar idan bashin yana da alaƙa da gwamnatin tarayya. Sauran wurare galibi ana sa musu X, ba a tilasta kowa. Amma taswirar kogi da teku ta fi kallo, ba ta cika lissafa ruwan sama da ya fi ƙarfin magudanar gari ba, kuma irinsa ne ya ci gidan Alhaji, wanda ba kogi a kusa da shi. FEMA da kanta ta ce fiye da kashi 40 cikin ɗari na masu neman diyya tsakanin 2014 da 2018 daga wajen yankunan haɗari suka fito. A Houston lokacin guguwar Harvey ta 2017, mafi yawan gidajen da ruwa ya shiga ba su da inshorar ambaliya. A 2024 Helene ta yi ɓarna a Asheville, gari a cikin duwatsu mai nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, inda ƙalilan ne suke da ita.

Wasu kuma sun dogara da cewa gwamnati za ta kawo ɗauki. Tallafin FEMA ba ya zuwa sai shugaban ƙasa ya ayyana bala'i, iyakarsa ta gyaran gida dala dubu arba'in da 'yan kai ce, abin da akasari ake samu kuma bai kusanci haka ba. Yana da sharaɗin takardun zama. Babban abin da ake miƙa wa mai gida shi ne rancen SBA, hukumar kula da ƙananan sana'o'i ta tarayya, wanda bashi ne mai ruwa, a kan bashin gidan da kake biya. Wannan ya sa nake roƙon masu ƙyamar inshora saboda addini su auna ɓangarorin biyu. Gaskiya ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakekeniya, wato takaful, ita ce madadin. Takaful ɗin gida kuwa bai yaɗu a Amurka ba, kuma hatta kamfanonin da ke sayar da gida ta tsarin Musulunci suna sharɗanta inshora. Akwai malaman da suka yi sauƙi saboda lalura. Ni ba mai fatawa ba ne, a kai wa malami tambayar, amma a kai masa ita cikakkiya, har da abin da ke jiran mutum idan ruwa ya ci gidan ba shi da komai.

Da ɗan'uwa zai zaunar da ni ya ce in zaɓa masa, ga abin da zan ce. In gidanka yana da besmen, ka kira ejan gobe ka ƙara wota bakof, ka kuma sa wa injin zuƙe ruwanka batir na ko-ta-kwana, domin daren da ake ruwa shi ne daren da ake ɗauke wuta. In kana yankin A ko V, ko gidan ya taɓa shan ruwa, ka riƙe ta gwamnati, kada arahar shekara ɗaya ta fitar da kai daga inda ba a korar mutum. In kana yankin X, ka nemi farashin biyun ka jera su, a nan ta kamfani takan yi nasara, musamman ga mai iyali da yawa wanda ba shi da inda zai kai su in gida ya jiƙe. In haya kake, inshorar mai gida ba ta san da kayanka ba, kana iya sayen ta kaya zalla. In kuma yanzu kake cinikin gida, New York da New Jersey sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana tarihin ambaliyar gidan tun Maris 2024, ka karanta amsarsa, ka ce ya kawo rahoton CLUE, wanda ke nuna diyyar da aka nema a kan gidan cikin shekara bakwai. Sannan ka sauka besmen da tocila ka duba ƙafar matakala da gindin tankin ruwan zafi, tsatsa da zanen ruwa ba sa ɓuya a wurin ko an yi sabon fenti.

Ranar da abin ya faru, Allah ya kiyaye, kafin ka taɓa tsintsiya ka ɗauki hoto da bidiyo, ka nuna tsayin ruwan a bango da hanyar da ya bi, tunda a kanta za a yi hukunci. Ka yanki ɗan kafet ka ajiye, ka rubuta lambobin injuna, ka adana rasit na duk abin da ka kashe. NFIP kwana 60 take bayarwa a miƙa takardar shaidar asara, sai in FEMA ta tsawaita.

Alhaji ya sayi ta gwamnati a watan da ya biyo baya, ya ƙara ta kwata a kan inshorar gidansa, ya sa an ɗora sabon injin ɗumama gida a kan dakalin siminti. An ɗaga bikin wata huɗu kafin a sake haɗa kayan. Akwatunan ƙanwar amarya, da Hajiya ta fara tarawa tun bara, suna bene na sama a kan kabad.